Daminar da Laminu Ya Musanya Hularsa

Ruwan bana ya zo da wuri, ya ruɗe mu. Muka yi shuka, hatsi ya fito gwanin sha'awa, sai sama ta ɗauke. Yanzu in ka bi hanyar gonaki da hantsi za ka ga ganye ya nannaɗe kamar an murza shi da hannu, ƙasa ta yi fari, iska na ɗibar ta. A cikin wannan hali ne kuma aka sake tada dokar hular kwano. Ranar kasuwa da na fita da kayan miyata, na tarar jandarma sun tare bakin gari, sun jera motocin kabu-kabu, wato baburan haya, a gindin bishiyar bedi, masu su na tsaye cikin rana, kowa da waya a kunne yana neman wanda zai kawo masa kuɗin tara. Na tsaya da tire a kai ina kallonsu, har wata mata ta taɓa ni ta ce ko lafiya. Na ce lafiya lau. Ban san yadda zan gaya mata cewa wata daminar nake kallo ba.

Lokacin ina da ƙuruciyata, da 'ya'ya biyu, Nasiru da ƙanwarsa Habsu, muna nan Madarumfa a gidan da nake ciki har yau, ta wajen tabki. Maigidana sunansa Laminu, ni Malam nake ce masa. Mahaifiyarsa, Inna, tana ɗakin da ke jikin zaure. Shi manomi ne, gonarsa ɗaya ta gado a hanyar Gabi. Mutum ne mai fara'a, mai son waƙe-waƙe in yana aiki, ba ya iya zama wuri guda.

Daminar da ta gabaci waccan ba ta yi ba. Abin da muka ɗaure bai kai mu ƙarshen bazara ba. Na tuna ranar da ya shiga rumbu ya share shi da tsintsiya, ya fito da abin da bai cika ƙwarya ba, rabi hatsi rabi ƙasa. Mazan unguwa da yawa suka tsallaka Najeriya cin rani. Shi ya ce ba zai bar Inna ba, ga ta ba ta gani sosai. Sai wani Alhaji ɗan kasuwa ya ba shi moto ya riƙa kabu-kabu, kowace yamma ya kai masa rabonsa, abin da ya saura bayan an zuba isansi, man moton, shi ne tuwonmu.

Haka muka shiga damina. Da ruwan shuka ya sauka muka fita duka, shi yana sara ni ina zuba iri ina takewa, yara na bin mu a baya. Bayan nan rayuwarmu ta koma kan tsari guda. Da asuba ya tafi gona, hantsi ya dawo ya wanke ƙafa ya hau moto, ya yi ta jigila tsakanin nan da Maraɗi, ranar kasuwa ya leƙa ƙauyuka. Ni kuma in share gida, in ɗebo ruwa, in ɗora tukunya da ruwa zalla don yara su ga hayaƙi su kwantar da hankali. Daga la'asar kunnena na ƙofar gida. Na san kukan motonsa a cikin na kowa, yana da wata 'yar shaƙewa in ya rage gudu. In na ji shi sai in ƙara itace, domin na san akwai tiyar hatsi ko garin rogo a ɗaure a bayansa. Wata rana da 'yan kifi ƙanana da masunta suka ba shi maimakon kuɗin ɗauka.

Ana cikin haka aka faɗa a rediyo cewa duk mai hawa moto sai ya sa hular kwano, wanda aka kama babu za a riƙe motonsa sai ya biya tara. 'Yan kabu-kabu suka yi ta gunaguni a tasha. Ba wanda ya ce dokar ba ta da amfani, kowa ya san wani da ya faɗi kansa ya fashe. Abin da suke cewa shi ne, hula mai kyau kuɗinta ya ciyar da gida kwana da kwanaki, kuma ga shekarar da ake ciki. Malam ya ce bari hatsi ya ɗan tasa tukuna, ya gani.

Ba a yi nisa ba aka kama shi a mashigar Maraɗi. Ranar na ƙara itace har sau nawa ban ji kukan moto ba. Bayan magariba ya shigo da ƙafa, takalmansa a hannu, ya zauna bakin turmi.

Inna ta ce, "Laminu, ina abin hawan?"

Ya ce, "Yana hannun hukuma, Inna."

"Mi ka yi masu?"

"Ban yi masu komi ba. Kaina ne babu hula."

Kwanakin da moto ya yi a tsare, ganyen tafasa muka ci. In tsinko ta a bayan gari, in dafa, in matse, in barbaɗa gishiri da ɗan ƙuli in akwai. Tana cika ciki, amma kafin ka miƙe ta zube. Yara suka fara zawo. Ina da akuya guda da na zo da ita daga gidanmu, tana da ciki. Da kaina na kwance ta na miƙa masa igiyar. A kasuwa kowa dabba yake sayarwa a shekarar, ba mai saye, aka karɓe ta a wulaƙance. Ya biya tarar, ya karɓo moto, abin da ya rage ya haɗa ya sayi hula a Maraɗi.

Hula ce ta gaske, baƙa, mai nauyi, da gilashi a gaba da soso a ciki da maɗauri a ƙarƙashin haɓa. Da ya shigo da ita a kai Habsu ta ruga bayana tana kuka. Inna ta karɓa ta shafa ta ciki da waje, ta ƙwanƙwasa.

Ta ce, "Wanga abu, ta ina kake shan iska?"

Ya yi dariya ya ce, "Ba a shan iska, Inna. Zufa ake sha."

Gaskiya ya faɗa. In ya cire ta da yamma kansa sharkaf, ƙuraje suka feso masa a wuya da goshi. Kullum sai na shanya ta a kan danga, warin zufa na tashi. Amma bai taɓa fita ba ita ba. Ya ce tunda akuyar Rabi ce a kansa, ba zai ajiye ta ba. Rabi ni ce.

Azumi ya kama a tsakiyar damina a shekarar. Yanzu da yake zuwa da sauran sanyi, yaran yau ba su san wannan ba. Ruwa ya dawo da ƙarfi bayan ya yi mana wasa, ciyawa ta taso tana tsere da hatsi, kuma lokacin ne hatsi ya fi tsada a kasuwa. Mu yi sahur da kunu tsararo, wanda kana iya ganin ƙasan ƙwarya ta cikinsa, mu kama hanyar gona. Rana in ta fito bayan ruwa ba irin ta bazara ba ce, tururi ne ke tasowa daga ƙasa ya shiga hanci, riga ta manne a jiki. Kana duƙe da hauya sai ka ga duhu ya gilma. Malam ya daina waƙa. Yakan nome kunya biyu ko uku ya tsaya ya dafa ƙugu, leɓensa fari fat, sa'an nan ya bar ni a gonar ya tafi ya hau moto da wannan hula a kai cikin zafin azahar. Da magariba mu sha ruwan randa, mu ci abin da ya samo. Mutane ba su da kuɗin hawa, wanda zai je Maraɗi ya gwammace ya taka. Akwai ranar da bayan ya kai wa Alhaji nasa, hannu wofi ya shigo.

Sai zazzaɓi ya kama Habsu. Damina a bakin tabki sauro ba ya ɗaga ƙafa. Jikinta ya yi zafi kamar garwashi, ta daina karɓar ko ruwa, idanunta suka fara juyewa. Muka kai ta gidan likita a nan garin, aka duba ta, aka rubuta magani aka ce babu shi a wurinsu, sai an saya. A gidan kuma ko tsabar hatsi babu.

Ranar ya fita tun da safe bai je gona ba. Da la'asar na ji moto. Ya shigo da magani a aljihu, da ƙullin hatsi da ya fi na kullum girma, har da ɗan sukari. A kansa kuwa wata hula ce fara, shafal, irin ta masu aikin gini, ta tsage ta gefe an ɗinke da waya, ba maɗauri.

Na ce, "Malam, ina waccan?"

Ya nuna ƙullin da haɓa ya ce, "Ga ta nan. Ki daka."

"Wannan kuwa tana tsare wani abu?"

"Tana tsare ni daga tara. Jandarma abu suke son gani bisa kai, ga abu bisa kai. In an yi girbi in sayi wata."

Wani mai sayar da kayan moto ne ya karɓi baƙar, ya ba shi farar da ciko. Na daka hatsin. Habsu ta sha magani, bayan kwana kaɗan ta tashi zaune ta nemi kunu. Daren nan kowa ya ƙoshi a gidanmu, har Inna ta ce a kai wa maƙwabta.

Babban abokinsa a tasha, Mamman Sani, wanda shi ne kamar shugaban 'yan kabu-kabun garin, ya zo duba yarinya ya ga hular a rataye. Ya ɗauka ya matsa ta da hannu biyu, ta lotsa.

Ya ce, "Laminu, wagga ko ƙwarya ta fi ta ƙwari."

Malam ya ce, "To kai taka fa?"

Mamman Sani ya mayar da ita ya rataye, domin tasa ma irinta ce. Rabin tashar irinta suke sawa.

Azumi ya raba tsakiya. Wata rana hadari ya haɗu tun azahar, aka yi ruwa mai yawa, ya ɗauke wajen la'asar. Na jiƙa tsamiya, na ɗora ruwa, ina jira. Rana ta yi ja. Na ji kukan moto a ƙofar gida, amma ba nasa ba. Mamman Sani ne ya yi sallama, ya tsaya a zaure bai shigo ba, wandonsa duk laka.

Ya ce, "Rabi, ɗauko mayafinki."

Inna daga ɗaki ta ce, "Wane ne? Mi ya faru?"

Ya ce, "Ba komi, Inna. Laminu ne ya ɗan faɗi."

A hanya ya gaya mini. Malam ya sauke fasinja a Maraɗi, ya juyo yana sauri ya sha ruwa a gida. Kwalta da santsi. Wani sa da ke jan amalanke ya firgita ya faɗo titi, ya kauce masa, moto ya zame. Waɗanda suka gani sun ce tun kafin ya kai ƙasa hular ta tashi, ta gangara cikin gonar wani. Ƙeyarsa ta bugi bakin kwalta. Jandarman da ke tsaron hanyar su suka ɗauke shi a motarsu suka kai shi likita a Maraɗi. A kan moton Mamman Sani aka kira magariba, ba wanda ya tuna da shan ruwa a cikinmu.

Na zaci zan tarar da jini. Babu, sai ɗan ƙujewa a gwiwar hannu da kumburi a bayan kunne. Yana kwance kamar mai barci, yana numfashi da ƙarfi. Na kira shi, na kama yatsunsa, ba motsi. Washegari lokotoro, babban mai duba marasa lafiya, ya kira mu ni da Mamman Sani, ya ce jini ya taru a cikin kan, aikin da ake bukata sai Yamai, kuma ko an je ba ya iya yi mana alkawari. Ya faɗi abin da tafiyar za ta ci. Mamman Sani ya dubi ƙasa, ni ma na dubi ƙasa. Lokotoron bai matsa ba, da alama ya saba ganin irinmu. Ya ce za su yi abin da za su iya a nan.

Na zauna a gefen gadonsa ina kore masa ƙuda. Ɗakin cike yake da waɗanda suka faɗi a moto, wani ƙafa, wani haƙarƙari, wani an rufe shi da zane an fita da shi ina kallo. Matan da ke jinya muka riƙa haɗa abin buɗa-baki a tsakar gidan likitar, kowa ta kawo ɗan abin da take da shi. Ni mafi yawa hannu kawai nake sawa.

Can gida kuwa gona ta kama hanyar lalacewa, ba a yi maimai, noma na biyu, ba, ciyawa ta kai gwiwa. A goman ƙarshe Mamman Sani ya tara 'yan tasha suka yi mana gayya. Na zo gida ranar don in ga yara, na bi su gonar. Sun jingine motocinsu a gindin kalgo, sun rataye hulunansu a rassa, sun jeru da hauya, kowa da azumi a bakinsa, kowa ya bar abin da zai ci ranar ya zo. Ba kiɗa, ba kirari irin na gayya, sai ƙarar hauya da nishi. Azumi ya rufa mini asiri, don da ba shi ba, ban da ko furar da zan ba su. Kafin azahar suka gama, suka karkaɗe jiki suka hau motocinsu. Na tsaya ina ɗaga masu hannu.

Ana saura kwana kaɗan salla ya buɗe ido. Ina zaune na ga yana kallon rufin ɗaki. Na matso na ce, "Malam. Sannu, Malam." Ya juyo ya dube ni, ya daɗe, sa'an nan ya ce, "Sannu," irin yadda ake amsa wa baƙuwa a hanya. Na ce ni ce Rabi. Ya gyaɗa kai don kada ya ba ni kunya.

Bayan salla aka sallame mu. Ƙafarsa ta hagu tana ja, hannun ma ba ƙarfi sosai. Da muka shiga gida yara suka rugo, ya tsaya yana murmushi yana kallonsu, bai kira sunan ko ɗaya ba. Inna ta lallaɓo ta shafa fuskarsa, ita ya gane muryarta, ya ce, "Inna, yunwa nake ji." Ta zauna a ƙasa a wurin. Daga baya, ina tankaɗe, ta ce mini, "Rabi, na yaye shi tun tuni, ga shi an maido mani, ni kuwa ba ni da ƙarfin goyo." Ba ta ga damina biyu bayan nan ba.

Alhaji ya aiko aka ɗauki motonsa. Ya ce Allah ya ba da lafiya, bai nemi komai ba, bai kuma sake leƙo mu ba.

Malam yana nan da rai. Yana zaure yanzu haka, a kan tabarma, gemunsa ya yi fari. Ya san ni a matsayin wadda ke kawo masa abinci. In ya ga ana salla ya bi, in an bar shi ya zauna har rana ta faɗi. Wani lokaci ya fusata ba dalili ya yi jifa da kwano, in an jima ya manta. Habsu ta yi aure a garin Sarkin Yamma, tana da 'ya'ya, yana wasa da su bai san nasa ba ne. Nasiru ya girma, ya nemi aiki ya rasa, gonar ba ta ciyar da mu shekara, yau shi ma kabu-kabu yake yi. Motoci sun ninka na da, tasha ta cika da samari, har da waɗanda suka yi lakwal, karatun boko. Yana da hula mai kyau, ni na matsa aka saya. In zafi ya yi yakan rataye ta a hannun moto, sai abokansa sun buga masa waya sun ce jandarma na gaba ya ɗora. Na yi magana har na gaji. Ta gaban ubansa yake wucewa kullum in zai fita.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a waccan shekarar shi ne kaka. Hatsi ya yi kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Zangarniya kamar damtse, wake ya yi 'ya'ya har yana karya reshe, gari ya cika da ƙamshin tumu. Waɗanda suka tafi cin rani suka dawo, kasuwa ta sauko, har hulunan ma aka ce sun yi sauƙi. Ranar ɗaurin damma na rasa wanda zan bar wa shi a gida, sai na tafi da shi gona a amalanken maƙwabcinmu, na shimfiɗa masa buhu a inuwa. Muna aiki ni da 'yan'uwana da suka zo taimako, sai na waiwaya na ga ya taso yana jan ƙafa. Ya durƙusa gaban tarin hatsi, ya jera zangarniya kai da kai, ya jawo igiya, ya taka da gwiwa ya ɗaure dami tsaf, irin ɗaurinsa na da wanda ba ya kwancewa. Kowa ya bar abin da yake yi. Na ce a raina ko ya dawo ne. Na je na tsuguna kusa da shi.

Ya share zufa, ya dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan, ya ce, "Gonar wa ce wagga?"

Na ce, "Taka ce, Malam."

Ya yi 'yar dariya, kamar na yi masa wasa. Ya ce, "A'a. Mai gonar ga dai ya yi aiki. In ya zo ki ce ina yi mashi barka."

Na ce to, zan gaya masa. Na miƙo masa wata igiyar, ya ci gaba da ɗauri.